Sunan Zuwera a Kogon Kuka

Tun ranar da Masta Mahama ya miƙa makullin lori ya ce ya gaji, mutanen Zongon Yendi suka zuba ido su ga abin da zaman gida zai mai da shi. Mutumin da ya cinye ƙuruciyarsa a kan hanyar Salaga zuwa Yendi zuwa Bawku, ba a sa ran bencin ƙofar masallaci zai riƙe shi. Wasu suka ce shagon kayan moto, wato babur, zai buɗe, wasu suka ce kiwon zabi zai kama. Ba wanda ya kawo a ransa cewa dattijo mai furfura har gemu zai koma ɓoyon akwati a saƙo-saƙo.

'Yarsa Taslima ce ta jawo. Tana aikin jinya a Jamus, kuma a can ta koyi wani wasa da take yi da 'ya'yanta ranar hutu, wai shi jiyokashin. Yadda ta bayyana masa a waya, abin ba wuya. Mutum zai sami ƙaramin akwati ya zuba 'yan tarkace a ciki, da takarda da fensir, ya ɓoye a wani wuri mai tarihi ko mai daɗin zama, sannan a sa alamar wurin a taswirar intanet. Duk mai wasan da ya biyo ta nan sai wayarsa ta ja shi har gindin wurin, ya lalubo akwatin, ya rubuta sunansa, ya ɗauki abu ɗaya ya ajiye wani, ya mayar yadda ya tarar. Ta ce ta duba taswirar, ta ga hanyar da ubanta ya yi rayuwa a kai fayau take.

Mahama ya yi dariya, ya ce lallai ƙoshi ya yi wa Turawa yawa. Amma maganar nan ta fayau ta tsaya masa a rai, don shi ya san kowace kwana da kowace inuwa a hanyar, har da inda ake sayar da kokon da ba a tsinka shi da ruwa ba. Kafin sati ya zagayo ya sayo robobin abinci uku masu murfi mai kamawa gam. Ɗaya ya cusa a ƙarƙashin wani dutse kusa da wata tsamiya a bayan Yendi. Ɗaya ya kai Bawku, ya saƙale a katangar duwatsu ta garken abokinsa Zainudeen, mai fataucin shanu. Na uku kuwa ya tanade shi don Salaga, garin da aka binne cibiyarsa.

A bayan gidan ubansu a Salaga akwai wata tsohuwar rijiya, da wata kuka mai kogo a gefenta. Gidan yanzu yana hannun yayarsa Zuwera, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ta yi masa wanka, ta dake shi, ta kai shi makaranta da kunne a hannu. Har gobe ba ta kiransa da komai sai Auta, ko da a gaban surukansa ne. A gindin kukar nan take shimfiɗa shi yana jariri in za ta ja ruwa. Shi ya sa da Taslima ta ce kowane akwati sai an raɗa masa suna, bai yi dogon tunani ba ya ce na Salaga sunansa Kukar Zuwera.

Ya yanki takarda ya rubuta bayanin wasan da jan biro, ya sa sunansa da lambar wayarsa a ƙasa. Da ya zo kan sunan yayarsa sai ya ga biro bai isa ba, ya ari alƙalamin da Adisa matarsa take sa wa buhunan masara alama, ya rubuta shi ɓaro-ɓaro, ya maimaita a kai har ya gamsu. Ya manne takardar a murfi da salatif. A ciki ya zuba abin da ya samu a gida: 'yan wuri irin na kuɗin da, da wani ƙaramin kwado na tsohon akwatin sifanunsa, da jan zaren hannu da jikarsa ta aiko, da doguwar takardar rubuta suna da ya naɗe ya ɗaure da roba.

Wasan yana da doka, cewa ba a bari wanda ba ya yi ya ga inda aka ɓoye. Mahama, wanda bai taɓa bin dokar gudu ba sai in ya hango ɗan sanda, wannan dokar kam ya riƙe ta kamar farilla. Ya faka moto nesa da gida, ya zagaya ta bayan katanga, ya cusa akwatin a kogon kuka ya rufe da busasshen ganye, sannan ya shigo ta ƙofa da sallama kamar yanzu ya sauka. Ya ci sakwarar Zuwera da miyar gyaɗa, ya saurari ƙorafinta kan ciwon gwiwa, ya koma Yendi bai ce mata komai ba.

Rani ya yi masa daɗi. Ba wai jama'a suka yi ta tururuwa ba, amma lokaci-lokaci waya takan yi ƙara, Taslima ta turo masa abin da wani ya rubuta. Wasu ɗalibai daga Navrongo sun gano na Bawku bayan sun sha haushin karnukan garke. Wata ma'aikaciyar asibiti daga Tamale ta gano na Salaga, ta ce ba ta taɓa zama a inuwa mai sanyi kamar ta kukar nan ba. Mahama yakan sa Adisa ta ajiye abin da take yi ya karanta mata, ita kuma ta ce to, Allah ya ƙara wa mahaukata lafiya. Yana jin daɗin abin har ransa, kuma ba ya ɓoyewa.

Sai damina ta sauka, ta yi abin da ta saba.

Kowace shekara in sabuwar doya ta fito, Zuwera takan zaɓi manya ta aiko wa Auta kafin ta kai ko ɗaya kasuwa. Bana doya ta cika tashar Yendi, har ta fara araha, tasa ba ta zo ba. Ya aika mata da man zafi da sukari ta hannun Musah, wanda ya taɓa yi masa yaron mota, yanzu kuma yake jan tasa motar ta Salaga. Washegari da la'asar Musah ya dawo da man zafin da sukarin ba a taɓa ba, ga kuma wata tsohuwar tukunyar dalma, baƙa wuluk da hayaƙi, an ɗaure murfinta da tsumma.

Musah ya tsuguna ya faɗi abin da ya sani, yana kallon ƙasa. Hajiya Zuwera ta bi wata zabuwarta da ke ƙwai a waje, ta sa hannu a kogon kuka, ta ciro abin da ba ƙwai ba. Tun ranar ta daina zuwa rijiyar, ta kira malamai sun yi addu'a a gidan, kuma ta ƙi yarda kowa ya sake taɓa abin da hannu, shi ya sa ta kife shi a tukunya. Saƙonta gajere ne.

"Ta ce in kawo wa mai shi. Ta ce ba ta tambayi dalili ba."

Mahama ya kwance tsumman. Akwatinsa ne. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin salatif, jan biron ya narke ya zuba kamar jini, gara ta cinye gefen takardar. Bayanin wasa ya tafi, sunansa ya tafi, lambar waya ta tafi. Abu ɗaya ya rage a tsakiya, baƙi ƙirin, ba abin da ya same shi: Zuwera.

Ya buɗe baki zai ce ai wannan abin dariya ne, sai Adisa ta ɗauki tsinke ta riƙa ture kayan ciki ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Wuri. Kwado a kulle. Jan zare. Takarda a naɗe a ɗaure kamar laya.

"Masta," ta ce, "dubi abin nan da idon wanda bai san Jamus ba. A kogon kuka fa, da sunanta, ga gwiwa tana ciwo tun bara."

Ya duba, dariyar ta koma ciki. Ko boka aka biya ya haɗa, da wuya ya haɗa abin da ya fi wannan kama da sammu. Kuma ba sai an karanta wa Zuwera ba. Ba ta yi boko ba, amma akwai kalma ɗaya a duniya da ta san siffarta, ta kuma san hannun da ke rubuta ta da wannan karkataccen harafin farko.

Ya kira ta a waya, ta ɗauka. Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida da iyali da ruwan sama, ba ta tsallake ko ɗaya ba, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ba a son ya daɗe. Da ya fara maganar akwati ta ce lokacin salla ya yi.

"Sai an jima, Masta Mahama," ta ce, ta kashe.

Da zagi ta yi masa, da ya fi sauƙi. Abin da ya ci masa rai ba fushinta ba ne, tsoron ne. Matar da ta goye shi yau tana kwana tana tsoron hannunsa. Ya ji kunya, ya ji ciwo, abinci ya daina yi masa daɗi. Adisa ta ce ya tashi ya tafi Salaga, ya ce ba zai je da baki kawai ba, sai ya riƙe abin da zai nuna. Gaskiya ce rabi, sauran rabin kuwa tsoro ne, kuma Adisa ta sani.

Ya shiga gwaji. Ya kai takarda shagon kwamfuta aka rufe ta da roba mai zafi, ya ajiye a kan kwanon rufi, rana ta buɗe bakinta, ruwa ya shiga. Ya gwada fentin mai a jikin murfi, da ya bushe ya sa farce ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ya gwada jan farcen maƙwabciya, abin ya zama abin tsokana a unguwa har ana tambayarsa yaushe ne bikin. Duk abin da ya rubuta a saman abu, sama takan zo ta karɓe kayanta.

Adisa kuwa ba ta iya ganin baƙar tukunya a gidanta ta kyale. Wata safiya ta ɗauki tukunyar Salaga ta hau ta da toka da yashi da soson ƙarfe. Tana cikin dirzar murfin ta tsaya, ta ɗauraye, ta kawo masa ta ajiye a cinya. A gefen murfin, ɗigo-ɗigo, ga sunan nan da karkataccen harafinsa na farko.

Shi ya yi shi. Yana ɗan makaranta lokacin da za a kai Zuwera ɗakin miji, ta ce tukwane suna ɓata a gidan biki, ya sa mata alama tunda shi ne ɗan boko. Ya zauna da ƙusa da dutse, ita tana riƙe masa bakin murfin, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin murfin nan ya sha wutar bukukuwa da sunaye da sadakokin mutuwa, ya sha yashi, ya kwana a ruwa, mijin ma ya riga mu gidan gaskiya, amma ko ɗigo ɗaya bai goge ba. Mahama ya daɗe yana shafa shi da yatsa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu magana, shi kuwa tasa zumar a gidan yayarsa take bai sani ba.

Ranar ya je layin masu gyaran tukwane a kasuwa ya samo ragowar falankin dalma. Ya yanka guda uku daidai faɗin murfin roba, ya goge gefuna da zarto don kada ya yanki mai nema. Ya dasashe bakin ƙusa, saboda so yake ta lotsa ƙarfen, ba ta huda shi ruwa ya sami hanya ba. Ya zana haruffa da fensir, ya ɗora a kan katako, ya bi su da ƙaramar guduma. Unguwa ta wuni tana jin ƙwas-ƙwas. Da ya gama ya shafa baƙin mai a cikin ɗigon ya goge saman, rubutu ya fito raɗau, da Hausa a sama da Turanci a ƙasa. Ya jefa ɗaya a kwatar wanke-wanken Adisa, ya bar ɗaya a kan kwano, ruwa da rana suka yi iyakar yinsu suka bar masa kayansa. Aikin ya yi masa daɗi, har ya kama kansa yana 'yar waƙar da yake yi a kan sitiyari.

Ya gyara na Yendi. Maimakon ya yi kudu, sai ya hau motar Bawku.

Zainudeen ya tarbe shi da fura da gasasshen nama, suka je katangar garke. A can ba ruwa ne ya yi ɓarna ba, rana ce ta lashe rubutun takardar ta bar ta fara fat, akuya kuma ta ɗanɗani salatif ɗin. Mahama ya huda murfin, ya sa guntun tsohon tub na taya a tsakani don ya toshe ruwa, ya daddale farantin dalmar da ƙusoshi masu kai biyu. Zainudeen yana tsaye yana kallo yana sakace, har aka gama, sannan ya ce shi abu ɗaya bai gane ba. Ranar da aka kawo akwatin nan, shi an zaunar da shi an yi masa bayani, har an nemi izininsa. To me ya hana a yi wa mai kukar Salaga haka?

Mahama ya ce dokar wasa ce. Zainudeen ya ce ashe dokar ba ta aiki a Bawku ke nan. Mahama ya san dalilin. Zainudeen abokin wasa ne, in ya yi dariya ba komai. Amma ya tsaya gaban Zuwera da furfurarsa ya ce mata ya koma wasan ɓuya, ta dube shi da wannan kallon nata ta ce Auta ba zai girma ba, wannan ne ya gudar wa.

"Gobara na Salaga, ka kawo guga Bawku," in ji Zainudeen. "Kwana ɗaya na ba ka. Gobe in na gan ka a garin nan, da sandar kiwo zan raka ka tasha."

Ya isa Salaga bayan azahar, da tukunya a hannu tana ƙyalli. Zuwera na zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafa ɗaya, tana ɓarar gyaɗa. Ta sa aka kawo masa ruwa da kujera, kujerar baƙi, ya ture ta ya zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa ya buɗe tukunyar ya fito da akwatin, ya ga yadda ta janye ƙafarta, abin ya soke shi.

Bai yi rantsuwa ba, don ya san mai sammu ma ya iya rantsuwa. Ya ɗauki kayan ɗaya-ɗaya da hannunsa ya faɗi asalin kowanne. Ya warware takardar da ta ɗauka laya ce, ya karanta mata sunayen baƙin da suka zo. Ya gaya mata wasan Taslima tun daga farko, har da dariyar da ya ji tsoro. Da ya zo kan matar Tamale, wadda ta rubuta cewa wata tsohuwa mai zabi ta ba ta ruwan rijiya mai sanyi, hannun Zuwera ya tsaya a cikin gyaɗa. Ta ce ta tuna ta. Ta ga tana zagaya kuka da waya a sama, ta ɗauka sabis take nema.

Sannan ya miƙa mata farantin dalmar, wanda bai riga ya daddale ba. Ta goge hannu a zane, ta karɓa. Ya karanta mata yana bin layin da yatsa: wannan akwatin wasa ne, ba abin cutarwa ba ne, ka rubuta sunanka ka mayar da shi inda ka same shi, mai shi Mahama na Zongon Yendi, ga lambarsa. Ya ce ruwa ba zai sake cin sunansa ya bar shi a ɓoye ba. In kuma ta ce kada ya koma kukar, to ba zai koma ba.

Zuwera ta juya farantin, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi. Ta bi ɗigon da babban yatsa layi bayan layi, tun daga sama har ƙasa, ta sake komowa. Wani abu take nema.

"Ina nawa?"

Ya ce ya cire, saboda shi ne ya jawo duk wannan.

"Da ka sa nawa ka ɓoye naka, na kwana ban yi barci ba. Yanzu ka sa naka ka cire nawa. Wa ya gaya maka kukar taka ce?"

Ta sa aka kife turmi. Ya ciro ƙusa da guduma daga jaka, ya zana sunan a saman nasa inda wuri ya rage. Ita ta matso da ƙafarta mai ciwo ta riƙe masa bakin farantin da yatsu biyu, tana gaya masa ya sassauta bugu, don ba ta manta murfin da ya fasa mata a wancan karon ba. Da ya gama harafin ƙarshe ta shafa, ta gyaɗa kai, ya daddale farantin a murfin. Ta tsince kwadon da jan zaren daga cikin kayan ta ce waɗannan kam sun gama wasa, ta kawo wani ɗan madubi da maɓallai masu kyau ta zuba a madadinsu. Wurin ta bari, ta ce kakanninsu da shi suka yi ciniki, ba ta ga laifinsa ba.

Ita ta kai akwatin kogon da kanta, tana dogara sanda, yana biye da ita. Ta ce ɓoyonsa ma bai iya ba, shi ya sa zabuwa ta tona shi, ta cusa shi can gefen da ruwa ba ya kwanciya. Suka tsaya kaɗan a inuwar. A hanyar komowa ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya ta tura ƙyauren da sanda. A lungu, an rufe da buhu, ga manyan doya an jera, har wasu sun fara tsiro.

"Tun ranar da aka haƙo na ware su," ta ce. "Na kasa aikawa, na kasa sayarwa. Kwashi kayanka, Auta, sun tare mini wuri."